Ajin Alhamis da na kai yarana a dogon hutu: dubu 30 na biya, ga abin da na gani

Tun watan Agusta nake cewa zan rubuta wannan abin, sai yanzu da aka kusa gama zangon farko Allah ya nufa, kuma gara da na jinkirta ɗin, don da a lokacin na rubuta to yabo kawai zan zuba, yanzu kam yara sun koma makaranta na ga inda abin ya ci da inda ya cije.

Wata malama ce a nan cikin Kano, tsohuwar malamar firamare ce da ta daɗe tana koyarwa kafin ta ajiye, take haɗa yara a dogon hutu tana koya musu abu ɗaya tak: yadda yaro zai yi idan 'yan ajinsu suna rashin ji. Ba lesin ɗin lissafi ba ne, ba na turanci ba, ba hadda ba. Zama shida ne, duk Alhamis daga 10 zuwa 12, ta zaɓi Alhamis ne saboda yawancin islamiyyu ba sa karatu ranar, sai zama ɗaya na iyaye a ƙarshe. Dubu 15 kowane yaro, ni biyu na kai, shi ne dubu 30, ban da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa da na daina lissafawa don kar raina ya ɓaci.

Abin da ya kai ni kuwa, babban yarona mai shekara 10, ɗan aji biyar a lokacin, ya ɗau kusan wata guda yana dawowa gida da yunwa kamar wanda ya kwana bai ci ba, alhali kullum da kuɗin tararsa yake fita. Sai da ƙanwarsa ta fasa ƙwai, ashe wani ƙato a ajinsu ne yake karɓe kuɗin, yaron ya girme su don sau biyu yana maimaita aji. Abbansu da ya ji ko tunani bai tsaya yi ba yace "kai ba namiji ba ne? in ya sake taɓa ka ka fasa masa baki, ni zan je makarantar." Ni kuma nace a'a ka yi haƙuri ka rabu da shi, Allah zai saka maka. Yaro ya tsaya yana kallonmu, wannan yace rama waccan tace haƙuri, kuma wallahi duk cikinmu babu wanda ya gaya masa takamaiman abin da zai yi gobe da safe in ƙaton ya miƙo hannu. Ita kuma ƙanwar, shekararta 7, matsalarta daban ce, 'yar rahoto ce ta bugawa a jarida. Anti wane ya juya, Anti wance tana cin gyaɗa, Anti wane bai rubuta kwanan wata ba, har malamarsu ta kira ni gefe ranar karɓar sakamako tace Maman wance a ja mata kunne, ƙawaye sun fara gudunta. To kun ji yadda na samu kaina, ɗaya ba ya faɗar komai ɗaya ba ta barin komai.

Wurin dai ba wani wuri ba ne na a zo a gani. Garejin gidanta ne ta gyara ta shimfiɗa leda da tabarmi, ga allo fari, fanka ɗaya ta sola da ba ta kai wa na baya. Lungun in an yi ruwa sai ka tattare zani, kuma Agusta ce, sau biyu muna zuwa a jiƙe. Yara sun kai 20 da ɗoriya. Akwai banɗaki mai tsafta, wannan na duba da kaina tun ranar farko, akwai ruwan leda da biskit a tsakiyar zama, kuma ba ta sakin yaro sai wanda ya kawo shi ya zo, ko wanda aka rubuta sunansa, wannan ya kwanta min. Ta yarda uwa ta zauna daga baya in dai ba za ta sa baki ba, ni kam na zauna sau huɗu cikin shida, don ban iya biyan kuɗi in tafi ban san me ake zuba wa yarana a kunne ba.

Abu na farko da ta yi, ta zana danja a allo, kore da ruwan ɗorawa da ja. Tace rashin jin ɗan ajinku kala uku ne. Akwai wanda kansa kawai yake cuta, kamar surutu, barci a aji, ƙin yin aikin gida, cin awara a ƙarƙashin benci, wannan kore ne, ka wuce abinka, aikinka kawai kar ya ja ka ciki. Akwai wanda yake taɓa wani, tsokana, sa suna, ƙwace biro, ware yarinya a ce kar kowa ya yi wasa da ita, wannan ruwan ɗorawa ne, sai an yi wani abu a kai. Sai ja, reza ko wuƙa a jaka, ashana, ƙwaya ko wani abin shaƙa, duka na taron dangi, wani ya taɓa wani a inda bai dace ba ko yace zo mu je bayan aji kar ka gaya wa kowa, wannan babu shawara babu jira, babban mutum za ka nema a take ko da an rantsar da kai da Alƙur'ani cewa ba za ka faɗa ba. Wannan maganar rantsuwar ta tsaya a kanta sosai, kuma ta yi daidai, don yaranmu da ita ake ɗaure su, "ka rantse ba za ka faɗa ba", yaro ya ɗauka in ya faɗa wuta zai shiga.

Ga 'yar rahotona kuwa tambaya ɗaya ta ba ta, tace kafin ki ɗaga hannu ki ce Anti, ki tambayi kanki: don a dake shi zan faɗa, ko don a ceci wani? In don a dake shi ne to gulma ce ki sauke hannunki. Na ga yarinyar nan ta yi shiru tana ƙifta ido, a hanya tace min "Umma to ai wani lokacin ina so a dake su." Nace na sani, ai gado kika yi wajen gwaggonki.

Amma zama na uku shi ne ya biya ni kuɗina, kuma shi ne ya ba ni kunya. Ta sa yara wasan kwaikwayo, ɗaya mai tsokana, ɗaya wanda ake tsokana, sauran duka 'yan kallo. Karon farko tace 'yan kallo su yi dariya su yi ihu yadda suka saba, aji ya kaure, mai tsokanar har wani ƙara ƙaimi yake yana juyi. Karo na biyu tace kowa ya ɗaure fuska ya ci gaba da abin da yake yi, kar wanda ya ko kalle shi. Yaron ya fara, ya yi jimla ɗaya biyu, ya waiga ya ga ba kowa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya, da kansa yace "Malama ai babu daɗi haka." Tace to kun gani, dariyarku ce albashinsa, ranar da kuka daina biya zai ajiye aikin. Sannan ta tambaya, waye a nan a ajinsu akwai wanda ake yi wa dariya kullum? Hannuwa suka tashi. Waye yake cikin masu dariyar? Sai na ga hannun ɗana yana tashi a hankali.

Akwai wani yaro mai in'ina a ajinsu. Na san da shi, don ɗana ya sha zuwa gida yana kwaikwayon yadda yake karatu in an tashe shi, muna cin tuwo, kuma Allah ya yafe min ni ma na yi dariya, ba sau ɗaya ba. Ni da na zo da ƙorafin an zalunci ɗana, ashe a wani gefen shi ma yana cikin masu biyan albashin, kuma ni nake ƙara masa jari daga gida. Ranar ban iya haɗa ido da malamar ba da aka tashi.

A zaman iyaye ta gaya mana daga inda ta ɗauko wannan dabarar, bata ɓoye ba. Tace akwai wani shiri a ƙasar Finlan mai suna KiVa, jami'ar Turku ce ta tsara shi ƙarƙashin Farfesa Christina Salmivalli, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009, kuma ginshiƙinsa shi ne a gyara 'yan kallo, don su ne mafi yawa a aji, kuma su mai cin zalin yake yi wa wasan. Ta kuma kawo ma'aunin Dan Olweus, masanin da ya fara nazarin abin a ƙasashen Suwidin da Norwe tun shekarun 1970, cewa ba kowane faɗa ne cin zali ba, sai in da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko na jiki ko na baki ko na yawan magoya baya. Wannan ya amfane ni, don mu iyaye yara biyu sa'anni su yi kokawa kan ƙwallo sai mu ɗau mayafi mu tafi ofishin hedimasta, amma yarinyar da aka ware wata uku ba mai yi mata magana, tunda babu jini babu kumburi, sai mu ce ai yarinta ce. Ta ce rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗaya cikin ɗalibai uku a duniya an ci zalinsa a makaranta aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda, har sun ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don wannan matsalar. Wata uwa tace ai mun ga na Abuja, bidiyon nan na Afrilun 2024 da aka yi ta marin wata ɗaliba a wata makarantar kuɗi. Malama tace ku sake tuna bidiyon, mai marin ɗaya ce, amma wani ne ya riƙe wayar, wasu kuma suna tsaye.

Abin da ya burge ni da ita shi ne bata tsaya kan Turawa ba, kuma da yara ma ko sunansu bata ambata ba. Da su hadisi ta yi musu, wanda Bukhari ya ruwaito daga Anas, ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumin ko shi aka zalunta, da Sahabbai suka tambaya ta yaya za a taimaki azzalumi sai Annabi (SAW) yace ka hana shi zaluncin, wannan shi ne taimakonsa. Tace to in ka kai ƙarar abokinka da ya zo da reza ba cin amanarsa ka yi ba. Ta kawo aya ta 11 a Suratul Hujurat kan izgili da jifan juna da laƙabi, ta sa kowa ya faɗi sunan da ake kiransa da shi wanda ba ya so, wasu suna faɗa suna dariya, wata yarinya kuma ta fashe da kuka. Yawancin yaran sun haddace ayar a islamiyya, ɗana ma ya iya ta, amma bai taɓa haɗa ta da "Mai kan kwakwa" da suke kiran wani ba. Akwai yara Kiristoci biyu a ajin, na lura ta tambaye su abin da ake koya musu a coci kan haka, suka faɗa, aka wuce lafiya.

Sai maganar rama, nan ne aka yi zafi. Abbansu na ja shi dole ya je zaman iyaye, maza huɗu ne kawai cikin mata fiye da goma, kuma shi ya fara ɗaga hannu yace Malama ni fa ba zan tarbiyyantar da rago ba, duniyar nan in ka yi laushi shanye ka za a yi. Bata musa masa ba. Tace Alhaji kare kai daban ramuwa daban, in an riƙe shi ya fizge, ya ture, ya ɗaga murya, ya fita daga wurin, wannan ni ma ina koya musu kuma har gwadawa muke yi. Amma ya jira a tashi ya tara abokai su tare yaron a hanya, ko ka ce ya fasa bakin wanda ya fi shi ƙarfi sau biyu, to ko ya sha duka ko a kore shi, kuma wanda ya fara ɗin ya zama shi ne mai ƙara. Ta karanto hadisin nan cewa mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi. Sannan ta juyo kanmu mata tace ku kuma masu "yi haƙuri", haƙurin da za a ce yaro ya yi ta miƙa kuɗin tararsa kullum ya yi shiru ba haƙuri kuke koya masa ba, kuna koya masa cewa ko ya faɗa ba abin da za a yi. Ni da Abbansu kowa ya samu rabonsa, a mota ba wanda yace da wani uffan har muka wuce Kabuga.

Abin da take koya musu su yi a aikace ba shi da yawa, kuma ina ganin da gangan ne. Ka tsaya ƙyam, ka kalli mutum, ka faɗi magana gajeriya da murya mai ƙarfi, "bari, ba na so", kar ka tsaya musayar zagi don a nan ya fi ka ƙwarewa. In wani ake yi wa, ba sai ka zama jarumi ba, ka ƙi dariya, ko ka je ka ja shi ku bar wurin, zo mu je mu sayi awara, zo ka ga wani abu. In ka ji tsoro a lokacin to bayan an watse ka je ka zauna kusa da shi. Sannan kowane yaro ta sa ya lissafa manya uku a yatsunsa da zai iya gaya wa, ɗaya a gida biyu a makaranta, tace in na farko yace je ka zauna ka tafi wajen na biyu, kar ka ce ai na faɗa ba a yi komai ba.

To yanzu inda ban ji daɗi ba, don akwai. Haɗa ɗan shekara 7 da ɗan 13 a tabarma ɗaya kuskure ne, manyan suna jin an mayar da su yara, ƙananan kuma in aka zo maganar ƙwaya da taɓa jiki sai su dawo gida da tambayoyin da ban shirya musu ba, kamata ya yi ta raba su gida biyu ko da za ta ƙara kuɗi. Takardun da take rabawa daga intanet ta sauko da su, da turanci, hotunan yaran Turawa da akwatunan ajiye kaya a bango da motar makaranta mai ruwan ɗorawa, 'yata ta tambaye ni wai wannan wace makaranta ce. Bakinta Hausa take yi mai daɗi, me zai hana ta zauna ta rubuta nata? Lokaci kuma, ba a taɓa farawa 10 daidai ba, laifin iyaye ne rabi amma ita ma tana jira da yawa. Maganar waya da guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji, wanda yanzu 'yan JSS can suke yanka junansu, minti goma kawai ta ba shi a zama na ƙarshe.

Babban giɓin kuma ba nata ba ne ita kaɗai. Duk abin da ta koya ya dogara ne a kan cewa in yaro ya je wajen babba, babban zai saurare shi. To ajin da yara suka haura 60 malami ɗaya, ga monita da aka ba takarda ya rubuta sunan masu surutu, wanda shi kansa tsarin koyar da gulma ne da cin hanci, ba ni alawa in goge sunanka. Ga kuma malamin da shi ne ma ya fara sa wa yaro suna a gaban aji yara suka ɗauka. Na tambaye ta wannan, tace gaskiya nan ƙarfinta ya ƙare, sai iyaye sun tashi a taron iyaye da malamai. Dokoki dai akwai su a takarda, ta tarayya kan haƙƙin yara tun 2003, Kano ma Ganduje ya sa hannu a tata ta kare yara a 2023 dab da zai sauka, amma doka ba ta zuwa bayan aji lokacin tara. Da ni ce ita, makarantu zan bi in yi wa malamai wannan zaman, don su suka fi yaran buƙata.

Da aka koma a Satumba, ƙaton yana nan, a sati na biyu ya miƙo hannu. Ɗana yace min ƙafarsa rawa take amma ya faɗa da ƙarfi, ba zan bayar ba, har na benci uku suka waigo. Yaron ya hankaɗe shi ya zage shi ya tafi. Ya je wajen malamin ajinsu, aka ce masa je ka zauna, daidai yadda Malama ta faɗa, sai ya tafi yatsa na biyu, wata malamar Hausa da yake jin daɗinta, ita ce ta kai maganar ofis aka kira uban yaron. Kuɗin tara dai ya tsira. Zagi a hanya bai tsaya gaba ɗaya ba.

Na mai in'inan ya fi tsada. Ɗana ya daina dariya, ya fara zama kusa da shi, sai abokansa suka sa masa suna Ustaz, wai ya zama na Allah, akwai ranar da ya dawo yace shi ya gaji, da ma bai je ajin Malama ba, da yana zamansa lafiya da kowa. Ban san me zan ce masa ba, na dai zuba masa abinci na ƙara masa nama. Wannan ɓangaren ya kamata ta gaya wa yara tun farko, cewa wanda ya fita daga cikin masu dariya shi ma za a ɗan juyo kansa, bata faɗa ba, kuma na tura mata saƙo na gaya mata, ta amsa da cewa za ta saka a zagaye na gaba. Yanzu dai su uku ne suke zama tare, wani ya biyo su, sunan Ustaz kuma ya bi shi har gida don ƙanwarsa ta ji ta ɗauka.

Ita kuwa gimbiyar, malamarsu tace rahoto ya ragu, daga kamar goma a rana ya dawo uku. Shekaranjiya ta dawo tana ba ni labari wai wata ta zo da janbaki a jaka, nace kin faɗa wa Anti? Tace a'a, kore ne, amma ke ai ba Anti ba ce.

In za ku kai, ku kai 'yan shekara 9 zuwa 12, su ne na ga abin ya fi shiga, ku tambaya ko ta raba ajin kafin ku biya, kuma ku ja uban yaran ya je zaman iyaye ko da rigima ne. Tace za ta yi gajere na zama uku a hutun Disamba, ni babban kawai zan mayar, kuma na yi wa maman yaron nan mai in'ina magana ko za mu haɗa kuɗin adaidaita.